Nasiha Ga Wanda Sabuwar Kwamfutarsa Ke Nawar Tashi



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wani kuka da ya yawaita a zaurukanmu da rumfunan kasuwa. Kwamfutar tebur, wadda waɗansu ke kira ta girke, ta shiga hannun mutanenmu. Ɗan kasuwa yana rubuta lissafin haja da sunayen masu bashi a cikinta, malami yana buga rajistar almajirai da takardun jarrabawa. Mutum zai tara kuɗinsa wata da watanni, ya sayo ta cikin kwali, a kawo a girke, ya danna maɓalli, sa'an nan ya zauna yana kallon gilashi minti uku, minti biyar, ita kuwa tana ta nawa kamar jakin da aka labta wa gishiri. Daga nan sai mutane su rabu. Wani ya ce a yi haƙuri, halin na'ura ke nan. Wani ya saɓe ta sai rumfar mai gyara, ya biya kuɗin gyaran abin da bai kwana bakwai a hannunsa ba. Wani kuma ya koma shagon da ya saya yana ta faɗa, alhali in an tambaye shi me ya lalace ba shi da amsa.

A ganina dukansu sun bar hanya. Nawar tashi alama ce, kuma kowace alama akwai abin da take nunawa. Abin da ya kamaci mai saye shi ne ya auna nawar nan da agogo, ya gane a wane zango tafiyar ke tsayawa, tun kwanakin mayarwa ba su ƙure ba, tun kuma ba a kwance wa na'urar ko noti ɗaya ba. Wanda ya yi haka, ko dai ya warware matsalarsa da hannunsa ba ko kwabo, ko kuwa ya koma wa mai shago da hujja a rubuce.

Mai cewa a yi haƙuri, bari mu yi masa lissafi. A ƙasarmu wuta na zuwa tana ɗaukewa, mai shago yana iya kunna kwamfuta sau 5 a yini. In kowace kunnawa tana cin minti 3, minti 15 ke nan kullum. A kwanakin kasuwa 26 na wata ya zama minti 390, watau awa shida da rabi, mai ciniki na tsaye yana jiran rasit. Wannan ma ƙaramar hasara ce. Babbar ita ce, in nawar nan aibi take nunawa, kowace rana ta haƙuri tana rage kwanakin da mai shago zai yarda a mayar masa da kayansa.

A fara da agogo

Kada ka ce tana nawa, ka ce tana cin sakan kaza. Ka ɗauki wayarka ko agogon hannu, da takarda da alƙalami. Ka sani tashin kwamfuta zango uku ne. Zango na farko daga danna maɓalli zuwa ɓacewar tambarin kamfanin da ya ƙera ta. A nan wata ƙaramar manhaja ce ke aiki, wadda ake kira BIOS, sabon samfurinta kuma UEFI. Ita ce mai gadin ƙofa, tana ƙidaya kayan cikin akwati, tana neman ma'ajiyar da Windows ke ciki. Zango na biyu daga nan zuwa wurin da ake neman kalmar sirri, lokacin da ɗigo-ɗigon nan ke kewayawa. A nan Windows ne ake ɗaukowa daga ma'ajiya. Zango na uku daga shigar da kalmar sirri zuwa sa'ad da za ka danna abu ya buɗe maka nan take.

Ka auna kowane zango sau uku ka rubuta. Ka auna bayan ka kashe ta gaba ɗaya, ka kuma auna bayan ka zaɓi inda aka rubuta Restart, domin biyun ba ɗaya ba ne. Tun daga Windows 8, wanda ya fito a 2012, kashewa ta yau da kullum ba ta rufe kome da kome, tana naɗe wani sashe na aikin ta ajiye don tashi na gaba ya yi sauri. Restart kuwa daga tushe take farawa. Saboda haka in ka ga Restart ta fi daɗewa kaɗan, wannan ba ciwo ba ne. Galibi kwamfuta mai ma'ajiya ta zamani tana gama zangon nan uku cikin rabin minti ko ƙasa da haka, mai tsohon samfurin ma'ajiya kuwa takan ci minti ɗaya ko biyu. Abin da ya zarce wannan da nisa yana bukatar bincike.

Uzurin kwanakin farko

Adalci ne mu ba na'ura uzurinta kafin mu tuhume ta. Kwamfutar da aka ciro daga kwali ta yiwu ta yi watanni a sito da cikin jirgin ruwa. Kamfanin Microsoft kuwa yana fitar da gyare-gyaren Windows a Talata ta biyu ta kowane wata. Ran da ka fara haɗa ta da intanet sai ta shiga biyan bashin dukan watannin da suka wuce ta, tana saukewa, tana ɗorawa, tana kashe kanta tana kunnawa. Har wa yau tana ƙidaya fayilolin cikinta don ta yi musu fihirisa. Duk wannan yana nauyaya tashi. In ka ga ta rubuta cewa tana sabuntawa kada a kashe ta, to, kada ka kashe, ko da ta ci rabin awa.

Akwai kuma wani uzuri ga sababbin na'urori masu ram samfurin DDR5. A kunnawar farko, ko bayan an taɓa saitin BIOS, sukan tsaya da baƙin gilashi minti ɗaya ko fiye, suna gwada ram ɗin don su daidaita tafiyarsa. Mai gaggawa sai ya ɗauka ta mutu, ya zare waya, ya sa ta sake gwajin daga farko.

Amma fa uzuri yana da iyaka. Ka ba ta kwana biyu ko uku tana haɗe da intanet, ka shiga wurin sabuntawa ka ga ta ce babu saura, sa'an nan ka sake aunawa. In mai shago ya ce maka sabuwar na'ura sai ta yi wata guda kafin ta saki jiki, kada ka karɓi wannan magana. Kwamfuta ba takalmin fata ba ce da zai buɗe da tafiya.

In tsaikon a zango na farko yake

Idan tambarin kamfani ne ke daɗewa a gilashi, kada ka zargi Windows, domin ba a kai gare shi ba tukuna. Ka kashe na'urar, ka zare duk abin da aka soka mata, filas da firinta da wayar caji da ma'ajiyar waje, ka bar madannai da linzami da gilashi kaɗai, ka kunna ka auna. Mai gadin ƙofa yakan tsaya ya tambayi kowane baƙo ko shi ne ke ɗauke da Windows, kuma filas guda mai ciwo ya isa ya tsai da shi sakan 30. In nawar ta tafi, sai ka riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifi.

Wani lokaci kuma jerin nema ne aka tsara shi a juye, na'ura ta fara neman Windows a hanyar sadarwa ko a filas, sai ta gaji sa'an nan ta waiwayi ma'ajiyarta. Ana gyara wannan a cikin saitin BIOS, wanda ake shiga da danna F10 a na'urorin HP, ko F2 a na Dell, daidai lokacin kunnawa. Gargaɗina a nan shi ne, ka sa ma'ajiyar Windows a kan gaba ka fito, kada ka taɓa abin da ba ka san sunansa ba. In kana shakka, ka bar wa mai shago ya yi a gabanka.

Sa'an nan ka lura da agogon kwamfutar. In duk sa'ad da aka ɗauke wuta kwanan wata ya rikice, ko ta tsaya tana neman ka danna F1 kafin ta wuce, to, ƙaramin batirin nan mai kama da sulai da ke cikinta ya mutu, wanda lambarsa CR2032. Batirin nan shekaru yake yi kafin ya ƙare. Na'urar da aka ce sabuwa ce, batirinta kuwa matacce, ta ba ka dalilin tambayar shekarunta, kuma za mu zo kan wannan.

In tsaikon a zango na biyu yake

A nan ne mafi yawan ciwon yake, kuma sunansa ma'ajiya. Ma'ajiyar kwamfuta iri biyu ce. Akwai tsohon samfuri, HDD, wanda faifai ne na gaske mai juyawa da hannu mai bin sa yana karatu, kamar garmaho da allurarsa. Kamfanin IBM ne ya fara fito da shi a 1956, da faifai 50 a jere, dukansu ba su ɗauki abin da ya wuce kamar megabait 5 ba. Na yau ya ƙanƙance ya kuma ƙara ciki, yana juyi 5,400 ko 7,200 a minti, amma hikimar ita ce dai ta da. Akwai kuma sabon samfuri, SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Mai faifai yakan karanta megabait 100 zuwa 200 a sakan. SSD na gama-gari yana kai wa 550, samfurin NVMe kuwa 3,500 ko fiye.

Bambancin ma ya wuce waɗannan lambobi. Tashin Windows yana bukatar dubban ƙananan fayiloli da ke warwatse. Mai faifai sai hannunsa ya tafi wurin kowanne, ya jira faifai ya kewayo, kamar yaron shago da ake aika sito a ƙarshen kasuwa don kowane ƙulli guda. SSD kuwa kamar mai tireda ne da kayansa ke jere a gabansa, miƙa hannu kawai zai yi.

Sanin wanda ke cikin taka ba ya bukatar sukundireba. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani shafi zai buɗe mai suna Task Manager. Ka shiga inda aka rubuta Performance, ka danna Disk, za ka ga an rubuta HDD ko SSD. In HDD ne, kuma ka ga aikinsa ya tsaya a kan kashi 100 na tsawon mintoci bayan tashi, ka gano ciwonka.

A shafin nan dai ka dubi Memory, watau ram. Malamai za su gane shi da sauƙi: ma'ajiya ita ce littafin da ke cikin gafaka, ram kuwa shi ne allo, a kansa ake rubuta darasin yanzu, in an tashi a wanke. In allo ƙarami ne, tilas a yi ta wankewa ana komawa ga littafi. Windows 11, wanda ya fito a watan Oktoba na 2021, mafi ƙarancin abin da yake karɓa shi ne gigabait 4 na ram da 64 na ma'ajiya. Amma mafi ƙaranci ba shi ne wadata ba. In ram ya cika, Windows yakan ari wuri a ma'ajiya, in ma'ajiyar kuwa mai faifai ce, sai nawa ta hau kan nawa. Ni dai ba na ba kowa shawarar sayen na'urar aiki da ram ɗinta ya gaza gigabait 8.

Kada kuma mu manta da wuta. Kwamfutar tebur ba ta da batirin riƙe ta kamar ta cinya. In an ɗauke wuta tana tsakar rubutu, a tashi na gaba Windows yakan tsaya ya binciki ma'ajiya ko ya shiga gyaran kansa, kuma wannan na cin lokaci. Mai shagon da na'urarsa ke mutuwa da ɗaukewar wuta sau uku a yini, kada ya yi mamakin nawarta. Maganinsa akwatin riƙe wuta da ake kira UPS, wanda ke ba ka 'yan mintoci ka kashe ta bisa ƙa'ida. Wanda ya iya sayen doki, bai kamata linzami ya gagare shi ba.

In tsaikon a zango na uku yake

Idan ka shigar da kalmar sirri, fuskar aiki ta bayyana, amma ka danna abu ya ƙi buɗewa sai bayan minti biyu, to, baƙi ne suka cika ƙofa. Manhajoji da yawa suna rubuta sunansu cikin masu tashi tare da na'ura, kowacce tana son a fara sallamarta. Waɗansu kai ka sa su, waɗansu mai shago ya zuba maka don ya nuna ya yi maka alheri, waɗansu kuwa daga masana'anta suka zo, domin masu manhaja sukan biya masu ƙera kwamfuta don a ɗora musu hajarsu ta gwaji. Kada ka zaci duk abin da ya zo cikin kwali alheri ne. A 2015 aka gano kamfanin Lenovo ya sayar da waɗansu kwamfutocin cinya ɗauke da wata manhajar talla mai suna Superfish, wadda ta raunana tsaron masu su, har a 2017 ya yarda ya biya jihohi 32 na Amurka dala miliyan 3.5. Wancan batun tsaro ne, amma darasinsa ya shafe mu: sabuwa daban, wankakkiya daban.

A cikin Task Manager ka shiga inda aka rubuta Startup apps. Za ka ga jerin masu tashi tare da na'ura, da nauyin kowacce a gefenta. Wadda ka san ba ka bukatarta da sassafe, kamar manhajar hira ko ta kiɗa ko ta wasa, ka hana ta tashi. Hanawar ba gogewa ba ce, tana nan ran da ka neme ta. Wadda ba ka san ta ba, musamman mai sunan sauti ko hoto ko tsaro, ka bar ta har ka tambaya. A saman shafin nan kuma na'urori da yawa suna nuna sakan nawa zango na farko ya ci, sai ka gwada da abin da agogonka ya ba ka.

Sai batun manhajar riga-kafin cuta. Windows yana zuwa da tasa, Microsoft Defender, kyauta. Sau da yawa sabuwar na'ura na ɗauke da wata ta gwaji, sa'an nan mai shago ko wani ɗan'uwa mai son taimako ya ƙara ta uku. Masu gadi biyu da ba su san juna ba, kowanne sai ya tsare ɗayan yana bincike, mai gida na waje yana jira. Ka zaɓi ɗaya ka cire saura. Haka nan ka guji manhajojin da ke alkawarin ƙara wa kwamfuta gudu da dannawa ɗaya, yawancinsu ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya gaji.

Shin sabuwar ce kuwa?

Yanzu mun zo inda maganar ta fi nauyi. Kwali sabo da leda mai ƙyalli ba su ne shaidar sabunta ba. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauke kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, 'yan kasuwa su saya, a goge, a shigo da su. Wannan ciniki ne mai kyau in an kira shi da sunansa, watau gwanjo. Ɓarnar ita ce a sayar da shi da sunan sabo da kuɗin sabo. Nawar tashi sau da yawa ita ce ke fara tona wannan asiri, kuma akwai shaidu uku da za ka nema.

Shaida ta farko lambar furosesa, watau ƙwaƙwalwar na'urar, wadda za ka gani a Task Manager inda aka rubuta CPU. A kwamfutocin tebur masu Core i3 ko i5 ko i7 na kamfanin Intel, lambar da ke bayan ɗan layi ita ke faɗin zuriya. In ka ga i5-4570, zuriya ta 4 ce, ta shekarar 2013. In i5-6500 ce, ta 6, ta 2015. Ta 8 ta fara fitowa a 2017, ta 12 kuwa, kamar i5-12400, ba ta riga ƙarshen 2021 ba. Kada kalmar i7 ta ruɗe ka, tsohon i7 yana iya bin bayan sabon i3. Ka sani kuma Windows 11, in ban da 'yan kaɗan, daga zuriya ta 8 yake karɓa bisa ƙa'ida, kuma Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025. Wanda aka sayar wa zuriya ta 4 da sunan sabuwa an cuce shi sau biyu, a shekaru da kuma a tsaro.

Shaida ta biyu awannin ma'ajiya. Kowace ma'ajiya tana ƙidaya awannin da ta yi a kunne, kuma wata manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo tana nuna su, tare da lafiyar ma'ajiyar. Shekara guda awa 8,760 ce. Sabuwar ma'ajiya 'yan awanni za ta nuna. In ka ga 9,000, ta yi aikin fiye da shekara dare da rana kafin ta zo hannunka. Sai dai mai wayo yana iya sa sabuwar ma'ajiya cikin tsohon akwati, don haka shaida ɗaya ba ta isa ba.

Shaida ta uku lambar jikin akwati. Manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suna da wurin da za ka shigar da lambar a intanet, ya faɗa maka samfurin na'urar da ranar da garantinta ya fara da ranar da zai ƙare. In ya ce garanti ya ƙare shekara biyar da suka wuce, magana ta ƙare.

Kada a yi gaggawar wankewa ko buɗewa

Masu gyara suna da amfani, kuma a cikinsu akwai masu amana da gwaninta. Amma maganin da waɗansu ke fara miƙawa ga kowane ciwo shi ne fomatin, watau a goge kome a sake ɗora Windows. A kan sabuwar na'ura ina ƙin wannan da dalilai. Fomatin ba ya mai da faifai mai juyi ya zama SSD, ba ya ƙara ram, ba ya rage wa tsohuwa shekaru. Yana iya tafiya da sashen farfaɗowa da masana'anta ta ajiye, kuma wani mai gyaran yakan ɗora Windows na sata a madadin na halal da ka biya. In wankewar ta zama tilas, Windows yana da tasa hanyar, inda aka rubuta Reset this PC, har da zaɓin barin fayilolinka, ko da yake mai hankali sai ya kwafe lissafinsa a filas tukuna.

Buɗe akwati kuwa ya fi wannan haɗari. Masu shago da yawa suna manna 'yar takarda a bakin murfi. Ran da ta yage, ka ba mai shago abin faɗa: ba haka na ba ka ita ba. Saboda haka muddin kwanakin mayarwa ko garanti na nan, ƙafarka ta fara zuwa inda ka saya, da rasit da takardar aunawarka. Ka ce masa, Alhaji, zango na biyu yana cin sakan 140, rasit ya ce SSD, na'ura ta ce HDD. Wannan magana ba ta bukatar ɗaga murya. Malamai sun san hukuncin ɓoye aibi a babin ciniki, da zaɓin da mai saye ke da shi in ya gano. A Nijeriya kuma dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye ikon mayar da kaya mai aibi, ta kuma kafa hukumar FCCPC don sauraron ƙorafi.

Amma a yi wa mai shago adalci shi ma. In ya faɗa maka mai faifai ce, ram ɗinta 4, ka zaɓe ta don araha, to, kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Wannan ba aibi ba ne, zaɓinka ne. Mafita a nan ku daidaita, ka cika kuɗi, shi da kansa ya sa maka SSD ya ƙara ram, ya rubuta a rasit, garantinka na nan daram. Cikin duk abin da za ka kashe wa kwamfuta kuɗi don ta yi saurin tashi, babu kamar wannan musanya.

Kira ga 'yan kasuwa

'Yan'uwana masu sayar da na'urori, za ku ce riba ƙarama ce, mai saye kuwa araha yake nema, in kun faɗi gaskiya sai ya tafi shagon gaba. Na ji wannan. Amma ku dubi sauran kasuwa. Mai hatsi yana barin mai saye ya nutsa hannu cikin buhu, mai atamfa yana warware turmi a gani, ba wanda ya ce an ci mutuncinsa. Me zai sa cinikin kwamfuta kaɗai ya zama cinikin biri a sama? Mutumin da kuka sayar wa gwanjo da sunan gwanjo zai dawo ya kawo ɗan'uwansa. Wanda kuka sayar wa da sunan sabuwa, ran da ya gane, unguwarsu duka za ta ji.

Roƙona ga shugabannin kasuwa shi ne a mai da abu biyu al'ada. Na ɗaya, kowace kwamfuta a kunna ta gaban mai saye, a kashe, a sake kunnawa yana riƙe da agogo, a buɗe masa Task Manager ya gani da idonsa. Na biyu, a rubuta a rasit lambar furosesa cikakkiya, da yawan ram, da irin ma'ajiya, da cewa sabuwa ce ko gwanjo, da kwanakin mayarwa. Wannan ba zai ci minti goma ba, kuma zai kashe rigimar da kan kai mutane gaban sarkin kasuwa ko alƙali. Ku kuma malamai da ake saya wa makarantunku na'ura da kuɗin iyayen yara ko na masu taimako, amana ce a hannunku, kada ku sa hannu a takardar karɓa sai kun auna.

Allah ya sa mu dace, ya yi wa kasuwa albarka. Haza wasalam.